Karkataccen Layi a Falon Auta

Mai Igiya ba irin baƙon da ake so ba ne a gidan da aka yi sabon aikin tayil. Mutumin kirki ne, bai taɓa cin haƙƙin kowa ba, amma idonsa ba shi da kunya ko kaɗan. Zai yi sallama, a ba shi wurin zama, ana cikin gaisawa sai ka ga idon ya sauka ƙasa yana bin layi daga bakin ƙofa har bango. In layin ya tafi daidai, hira ta yi daɗi. In kuwa ya kauce ko da faɗin farce ne, mai gida ya shiga uku, don sai ya ji tarihin wanda ya yi masa aikin, da na wanda ya koya wa wancan. Sunan ma a nan ya samo shi. Tun yana koyon sana'ar ba ya ɗora tayil sai ya ja igiya, ko da a bayan ƙofar banɗaki ne inda ba mai leƙawa.

Wata safiya yana kan babur ɗinsa a bakin danja, kayan aiki ɗaure a baya, yana jiran a ba shi hannu, tirelar wani kamfanin jigilar kaya ta taho ta bayansa, birki ya ƙi. Shi dai ya ji hon mai tsawo. Sauran labarin a bakin mutane ya ji shi, bayan ya farfaɗo a gadon asibiti ya tarar da matarsa a gefe, idanunta sun kumbura.

Likita bai ɓoye masa komai ba. Ƙashin bayansa ya tsage ta can ƙasa, yana danne jijiyar da ke zuwa ƙafar hagu. Zai tashi, zai taka da sanda, amma durƙuso da sunkuyo, waɗanda su ne sana'arsa gaba ɗaya, sai an yi masa aiki a babban asibiti. Kuɗin da aka faɗa kuwa, ko an haɗa keken ɗinkin matarsa da duk abin da ke ɗakinsu an sayar, ba za a kai ko rabi ba. Likitan ya ƙara da cewa jijiya ba ta jira. In aka bar ta a danne, ƙafar za ta riƙa mutuwa a hankali, har ta kai inda aikin ma ba zai dawo da ita ba.

Kamfanin ya turo wani mutum mai laushin murya da ledar lemo da ayaba. Ya yi jaje, ya biya kuɗin gadon farko, ya dafa kafaɗar majinyaci ya ce kada a damu, ai yanzu an zama ɗaya. Daga ranar wayarsa ta koma ko a kashe, ko yana mitin. Irin mutanen nan ba ka iya cewa sun zage ka ko sun kore ka. Romon baka suke shayar da kai har ka gaji ka daina kira, su kuma su ce kai ne ka ɓace.

Matarsa ce ta nemo lauya, ta hannun wata nas maƙwabciyarsu. Ofishin yana saman wani kantin magani, sai da aka goya Mai Igiya kafin ya hau benen. Barista gajeruwar mace ce mai tabarau, ba ta da lokacin doguwar gaisuwa. Ta karanta rahoton 'yan sanda, ta ɗaga hoton ƙashin ta kalla a hasken taga, ta tambaye shi yadda aikinsa yake da yadda ake biyansa kafin haɗarin. Ta nuna masa inda direban da bakinsa ya ce ya sha kai ƙorafin birkin nan ana ce masa ya lallaɓa.

"Maganarka tana da ƙarfi," in ji ta. "Za mu nemi diyya: kuɗin aikin baya, da na zaman da ka yi ba sana'a, da na wanda za ka yi nan gaba. Amma ka saurare ni da kyau, malam. Kamfanin inshorarsu ba ya biyan mutum don tausayi. Abin da suke nema kawai su nuna lafiyarka ƙalau. Kada ka taɓa aiki. Ko bokitin ruwa ne kada ka ɗaga, a gida ko a waje."

Mai Igiya ya yi dariya har bayan ya amsa. "Barista, ni da atishawa ma sai na yi shawara kafin in yi?"

"Ni dai na faɗa maka."

Wanda ya goya shi ya hau benen nan Auta ne, ƙanin matarsa. Auta ba yaro ba ne, magidanci ne da 'ya'yansa, sunan ne kawai ya biyo shi daga gida. A hannun Mai Igiya ya koyi sana'a, ya sha faɗa har ya gode wa Allah, ya fito da hannu mai tsabta, wanda ko maigidan nasa da ba ya yabon kowa yakan tsaya ya kalli aikinsa ya gyaɗa kai. Tun da abin ya faru Auta ne ƙafar gidan. Shi ke kai shi gashin ƙashi a asibiti ya zauna a benci ya jira. Shi ya karɓi ayyukan da aka bari rabi ya ƙarasa, ya kawo kason Maigida har ɗaki ba tare da an tambaye shi ba. Mai Igiya yakan ce wa masu zuwa dubiya, "Wannan ba ƙanin mata ba ne, ɗan'uwana ne ciki ɗaya." Auta sai ya sunkuyar da kai ya ce a bar maganar.

Magana ta yi ta jan ƙafa. Barista ta rubuta, su amsa rabi, a sa rana a ɗaga. A nan Mai Igiya ya gano cewa ciwon baya ba shi ne mafi muni ba, zaman ne. Mutumin da ya saba fita tun kafin shaguna su buɗe ya koma ya san lokacin wucewar motar shara da lokacin da maƙwabta ke fara faɗa. Tayil ɗin ɗakinsu shi ya jera su da hannunsa, babu abin kushewa, ko wannan ɗan nishaɗin bai samu ba. Ya zama mai saurin fushi, yara suka koyi wucewa ta gabansa a kan yatsu, matarsa ta koyi taka keken ɗinki a hankali. Yatsun ƙafar hagu kuma suka fara yi masa wani iri, yau ya ji su, gobe shiru. Bai gaya wa kowa ba, amma tsoro ya kama shi, tsoro na gaske. A ƙarshe Barista ta kira ta ce an amince a zauna sulhu a ofishin inshorar, kuma daga yadda suke magana ta ga alamar sun fara saukowa.

Ana saura kwanaki kaɗan zaman, Auta ya shigo da motar wani abokinsa.

"Maigida, zaman nan zai gama da kai kafin bayan ya gama. Ina sa tayil a falona. Ku zo kai da Yaya ku sha iska, ka zauna ka yi min surutu yadda ka saba. Wallahi na yi kewar zagin."

Matarsa ta ce a je, ko bangon wani gidan ya gani. Suna shirin fita Auta ya ɗauko ledar magani daga kan tebur.

"Ka sha na yau kuwa? Ƙara ɗaya, hanyar unguwarmu duk ramuka ce."

Ya ƙara ɗaya.

An kwashe kujerun falon an jibge a waje, Auta ya ajiye masa kujerar roba da filo a bakin ƙofa. Warin jiƙaƙƙen siminti ya doke shi, ya ji wani abu ya motsa a ƙirjinsa kamar mayunwacin da ya ji ƙamshin girki. An jera kusan rabin ɗakin. Layin farko lafiya, na biyu lafiya. Na ukun ya taso daidai daga bango, yana zuwa tsakiya ya fara zamewa hagu kaɗan-kaɗan, yadda in aka bi shi a haka, kafin a kai ƙofa sai an yi ta yanka tayil ana cike giɓi.

Mai Igiya ya kau da kai. Ya kalli silin, ya tambayi matar Auta yara, ya sha ruwan da aka kawo. Idon ya koma da kansa.

"Auta, ina igiyarka?"

"Na bar ta a wurin aiki, Maigida. Ɗan falon nan ai da ido ma ya isa."

"Da ido." Ya juya wurin matarsa. "Kin ji ɗan'uwanki. Da ido. Ashe duk shekarun nan da bango nake magana."

Ta yi dariya, irin wadda ya daɗe bai ji a bakinta ba.

Ya sa aka kwanto igiyar shanya. Daga kan kujera yake ba da umarni: ɗaga wancan, matsa dama, ba haka ba, kai wai yau me ya same ka. Auta ya ɗaga, ya matsa, ya buga da gudumar roba, abin ya ƙara lalacewa. In ya gyara gefe ɗaya sai ɗayan ya buɗe baki. Simintin kuma yana shan iska. In ya kama shi ke nan, layin zai zauna a karkace har jikokin Auta su yi rarrafe a kansa.

Ba wai ya manta maganar Barista ba ne, ya tuna ta sarai. Amma ya duba, matar Auta ta shige ciki, daga shi sai matarsa sai ƙaninta, ƙofar gida a rufe, magani kuma ya kwantar da bayan har yana jin kamar ba nasa ba. Ya jingine sandar, ya dafa bango, ya sauka a kan gwiwoyinsa.

"Ba ni cokalin ginin nan, kana ɓata min rai."

Hannun bai manta komai ba. Ya ɓamɓare layin, ya kankare simintin da ya fara tauri, ya shimfiɗa sabo, ya ja igiyar shanya ya ɗaure a ƙusa, ya shiga ɗorawa yana bugawa a hankali yana sauraron ƙarar. Har waƙa ya kama yi ƙasa-ƙasa. Tun ranar danja bai ji kansa mutum ba sai a wannan lokacin, kuma duk mai ganin laifinsa bai taɓa yin wata da watanni ana miƙo masa ruwan sha ba.

"Yaya, ɗauke shi a waya mana," in ji Auta. "Gobe in ya fara cewa tasa ta ƙare, ki nuna masa."

Ta ɗauka, tana dariya tana share ido da bayan hannu.

Layin ya miƙe har ƙofa. Sai da ya zo tashi ne bayan ya rama. Lokacin waya ta riga ta koma jaka. Su biyu suka ɗaga shi, ya ciji leɓe har ya fashe, aka kwantar da shi a kujerar bayan mota. Ya yi kwanaki ko juyi sai an juya shi. Da Barista ta kira tana tambayar jiki, ya ce sanyi ne ya taso masa. Kunya ce ta hana shi faɗin gaskiya, babba da shi, an gaya masa abu ɗaya ya kasa.

Ranar zaman Auta ya ce aiki ya riƙe shi, abin da bai taɓa faɗa ba. Matarsa kuma tana da ɗinkin da za a zo karɓa, gidan kuwa yanzu a kan keken nan yake tsaye. Tasi ya hau, Barista ta tare shi a bakin ginin. Akwai lif, akwai dogon tebur, akwai sanyin na'ura da ke shiga har ƙashi. Lauyan kamfanin dattijo ne mai fara'a. Da kansa ya taso ya ja wa Mai Igiya kujera, ya tambayi iyali, ya sa aka buɗe masa ruwa.

"Malam, a takardar rantsuwarka ka ce tun haɗarin ba ka iya durƙusawa. Har yanzu haka ne?"

"Haka ne."

"Ko sau ɗaya?"

Falon Auta ya faɗo masa a rai. Amma Barista na gefensa tana rubutu, bakin kuma ya riga shi. "Ko sau ɗaya."

Dattijon ya gyaɗa kai kamar mai tausayi, ya juyo da kwamfutarsa.

Ga Mai Igiya a durƙushe a falon Auta, cokalin gini a hannu, yana jawo tayil daga kwali, yana miƙa jiki ya ɗora, yana waƙa. Ba sanda, ba yamutsa fuska. Sai muryar matarsa ta cika ɗakin taron, cike da murna: "Wa ya ce ba za ka ƙara durƙusawa ba? Ga ka nan kamar ba abin da ya taɓa ka."

Barista ba ta kalle shi ba. Ta cire tabarau, ta goge, ta mayar, ta nemi a ba su 'yan mintuna.

A baranda ta tsaya a gabansa, shi yana kan benci.

"Na ce maka ko bokiti."

"Barista, layi ɗaya ne. Kuma magani na sha. Bayan nan sai da aka ɗauke ni, na yi kwanaki..."

"Bayan nan babu shi a bidiyon. Abin da ke ciki mutum ne a durƙushe yana waƙa, kuma yanzu a gabana ka ce ko sau ɗaya. Da ka gaya min da na riga su. Da na kawo likita ya yi bayanin maganin da abin da ya biyo baya. Yanzu ba bayanka za a tsaya dubawa ba, gaskiyarka za a duba."

Ta koma ciki ita kaɗai. Da ta fito muryarta ta sauka, kuma wannan ya fi faɗan tayar masa da hankali. Sun janye duk abin da aka fara magana a kai. Abin da suka ajiye a tebur wani ɗan abu ne da suka kira taimako, wanda zai sayi magani ya biya gashi na ɗan lokaci, da sharaɗin a rufe magana. Ta ce za a iya tafiya kotu, hoton ƙashi yana nan, maganar direba tana nan, ita kuma ba za ta yar da shi ba. Amma ba za ta yi masa ƙarya ba: shari'ar za ta ɗauki shekaru, kuma duk zama sai an kunna bidiyon nan. Abu ɗaya ne zai iya juya maganar da wuri, a samu wanda zai tsaya ya faɗi yadda aka yi bidiyon ya je hannunsu.

"Wa ya ba su?" ta tambaye shi.

"A wayar matata yake," in ji shi. Wani mugun tunani ya zo masa game da ita. Ya ji kunyar tunanin, amma ya zo.

Barista ta sa an turo mata bidiyon. Ya roƙe ta ya sake gani. Wannan karon bai kalli kansa ba, gefen hoton ya kalla. Ga Auta can, yana tura kujerar roba mai filo da ƙafa, a hankali, har ta fita daga hoto. Ga hannunsa ya miƙo ya ɗauke sandar da ke jingine a bango, ya zura ta bayan ƙofa. Daga nan ya koma gefe ya harɗe hannu, ko tayil ɗaya bai miƙo ba, ya bar Maigida yana jawo kayansa da kansa.

Sai a lokacin Mai Igiya ya yi tunanin da ya kamata ya yi tun a bakin ƙofar falon. Auta ba ya karkatar da layi. Tun shekararsa ta farko a sana'a bai sake ba. Da igiya ko ba igiya, hannun nan ya san hanya. Kuma a gyara gefe ɗaya ɗayan ya buɗe, a sake gyarawa ya sake buɗewa daidai gwargwado, wannan ba aikin wanda bai iya ba ne.

Da la'asar ya isa gida. Matarsa ta tsayar da keke tana kallon fuskarsa. Bai yi kwana-kwana ba.

"Bidiyon falon Auta, wa kika tura wa?"

"Auta kaɗai. Ya ce zai nuna wa Inna hankalinta ya kwanta. Me ya faru, Baban yara?"

Ya gaya mata abin da ya faru a teburin, har da muryarta. Sannan ya ce, "Buɗe ki kalla. Ba ni za ki kalla ba, ɗan'uwanki."

Ta kalla. Ta mayar baya ta sake kallon wurin sandar. Ba ta yi kuka ba. Ta kora yara gidan maƙwabta, ta kira lambar Auta, ta ce, "Ka zo yanzu," ta kashe.

Auta ya zo. Bai zauna ba, a bakin ƙofa ya tsaya, kuma daga tsayuwar kowa ya san ba sai an yi tambaya ba. Bai yi musu ba.

"Mutuminsu ne ya same ni a bencin gashi ina jiranka, mai lemon nan. Ya yi ta zuwa. Ya ce ko da bidiyo ko babu ba za su biya kuɗin aikin nan ba, za su ja ku a kotu har ku gaji. Ya ce suna gina sababbin ofisoshi a garejinsu, tayil ɗin duka ni za su ba in na samo musu bidiyonka kana aiki."

"Sai ka sayar da shi," in ji yayarsa.

"Yaya, gida biyu nake ɗauke da su tun ranar da abin ya faru. Akwai wanda ya taɓa tambayata yadda nake yi? Kowa sai ya ce Auta ɗan albarka, shi ke nan. Na ga gara wani abu ya shigo hannunmu da a tashi a tutar babu. Aikin babba ne. Maigida zai riƙa zuwa yana duba min a zaune, in biya shi kamar injiniya. A hankali sai mu tara na asibitin."

"A hankali," in ji Mai Igiya. Auta yana tsaye a ɗakin ranar da likita ya ce jijiya ba ta jira, shi ne ma ya riƙe hoton ƙashin.

"Da hannuna ka sa na ɗauka," ta ce. "Ina dariya. Ka tsaya kana kallona ina dariya."

Auta ya yi ƙasa da kai.

Tambaya ɗaya ce ta rage wa Mai Igiya. Ya san amsar, amma yana so ya ji ta a bakin mai ita.

"Layin nan. Da gangan?"

Auta ya ce, "Ya ba ni wahala, Maigida. In na karkatar sai hannun ya mayar da shi. Sai da na ɓamɓare na sake." Sannan ya ƙara da cewa, "Na san ba za ka iya kallonsa ka zauna ba."

Wannan ita ce ta fi yi masa ciwo. Direban tirela bai san shi ba, kuma ko ba komai ya yi hon. Wannan kuwa ya san shi ciki da waje, ya ci abinci a kwanonsa, ya zauna ya duba duk jikinsa ya zaɓi wurin da ba zai iya karewa ba. Mai Igiya ya nemi fushi ya rasa. Baƙin ciki ne kawai ya cika masa ƙirji, mai nauyi.

"To ka ji," in ji matarsa. "Gobe za ka bi shi wurin Barista. Duk abin da ka faɗa yanzu ka maimaita mata, da mutumin, da benci, da maganin da ka ce ya ƙara. Ta ce in an samu mai faɗa, magana za ta juya."

"Na sa hannu a kwangila, Yaya. Na karɓi kafin alƙalami, na sayi kaya, na ɗauki ma'aikata. In na buɗe baki ni za su kama."

"Ƙafarsa ce, Auta."

"Na sani."

"Za ka je ko ba za ka je ba?"

Ya kalli ƙasa, ya kalli ƙofa. "Ba zan iya ba."

Mai Igiya ya ji hawaye na tahowa, kuma ya rantse a ransa ba a gaban wannan zai zubar da su ba. Ya jawo sanda, ya dafa hannun kujera, ya yunƙura zai shige ɗaki. Ƙafar dama ta tashi. Ta hagu ba ta biyo ba. Ya koma kan kujerar da ƙarfi, silifas ɗin ya zame ya faɗi gefe.

Auta ya taho da hannu biyu a miƙe, yadda ya saba.

"Kada ka taɓa shi," in ji ta, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Fita."

Auta ya fita ya ja ƙofar.

Ta durƙusa ta ɗauko silifas ɗin, ta kama ƙafar za ta saka masa. Yana kallon hannunta a kan ƙafar, yatsunta sun zagaye idon sawu.

"Tsaya," ya ce. "Matsa wurin."

Ta matsa.

"Da ƙarfi."

Ta matsa har farcenta ya bar shaida a fatar. Ta ɗago tana kallonsa, tana jira.

Ya girgiza kai.